Yadda Na Kashe Gangar Usta Maidin

Rannan na ji Maryam tana faɗa wa wata baƙuwa wai mahaifinsu makaɗi ne a da, amma ya tuba ya bar kiɗa saboda tsoron Allah. Ban tanka ba, don ba a ƙaryata 'ya a gaban baƙo, na dai ci gaba da shan shayina. Amma ku saurara, ku duka biyar ɗin, ni ban tuba ba. Allah Ya sani ina da abubuwan tuba da yawa, amma ba tuba ce ta raba ni da ganga ba. Korata aka yi, a gaban mutane, ranar wata Juma'a bayan la'asar, kuma har yau idan na tuna sai in ji bakina ya yi ɗaci. Gara ku ji daga bakina, kafin in mutu ku mai da ni waliyyi.

Kakanku, Baba Ɗan'azumi, makaɗin kotso ne gaba da baya. Da ƙafa ya biyo ta Sudan ya zo nan Makka, kotsonsa a rataye, ya yi aikin hajji ya zauna. A Makka ta wancan lokacin ba a kiɗa a fili, sai dai idan mutanenmu na unguwar Hindawiyya ko ta Jarwal suna biki, a rufe ƙofar gida a yi shi a tsakar gida. Ni da Yaya Mudi, wana, mu ke take masa baya. Ba yabon kai ba, hannuna ya fi na Yaya Mudi daɗi, kowa ya sani, har shi kansa. Kuma kowa ya san kotson Baba ni zai gadar wa. Da safe ina tura tsofaffin alhazai a keke tsakanin Safa da Marwa, da shi nake ciyar da mahaifiyarku Rabi, ranar biki kuma in bi Baba. Shekarata ashirin da bakwai, ba abin da na rasa, sai da na je neman abin da ba a aike ni ba.

Akwai wani tela a wani lungu na Hindawiyya, ana kiransa Usta Maidin, Usta ɗin laƙabi ne na gwanin sana'a. Ba'indiye ne daga can kudancin ƙasarsu, Musulmi, baƙi ƙirin kamar mu, siriri, ba ya dariya. Na kai masa jallabiya ya rage mini tsawo, na koma karɓa tsakanin azahar da la'asar, lokacin da kowa ya rufe shago saboda rana. Na tarar da ƙofa a rufe, amma ina jin kiɗa can ƙasa-ƙasa daga ɗakin baya. Wallahi ban taɓa jin irinsa ba. Ganga ɗaya ce, amma gefe guda yana gurnani kamar babbar ganga, ɗaya gefen kuma yana ƙara kamar an daki tasa, ƙarar ta daɗe tana tafiya a iska kafin ta mutu. Na tsaya a rana har aka kira la'asar. Da ya buɗe na ce masa ni ɗan makaɗi ne, ina so in koya. Ya miƙo mini jallabiyata ya rufe ƙofa. Sau uku ina komawa yana korata, a na huɗu ya zaunar da ni. Da Larabcin kasuwa muke magana, irin wanda baƙi ke yi da juna.

“Sunanta mirdangam,” ya ce. “A wurinmu ba a koyonta da wasa. Sharaɗi uku. Kullum ka zo bayan azahar. Ba ka taɓa wata ganga muddin kana wurina, don za ta ɓata maka hannu. Kuma ba tambaya. Abin da ya kamata ka sani, ni zan faɗa maka idan lokacinsa ya yi.”

Na ce na yarda, tun kafin ya rufe baki.

Sharaɗi na biyun nan shi ya tada ƙura a gida. Na samu Baba yana gyaran tsarkiyar kotso, na durƙusa na faɗa masa ba zan ƙara binsa biki ba sai na gama koyo. Ya daɗe yana kallona.

“Ɗahiru, kana da hankali kuwa? Ka bar gadon ubanka ka tafi koyon kiɗan tela?”

“Malam, ƙyale shi,” in ji Inna, kakarku. “Zumuɗi ne, wata guda zai dawo.”

Yaya Mudi dai na ga yadda ya gyara zama. Mahaifiyarku kuwa sai da muka shiga ɗaki ta yi tata tambayar, kuma ita ce tambayar da ta fi ta kowa hankali.

“To shi wannan kiɗan, a bikin wa ake yinsa a garin nan?”

Sai na yi mata tsawa. Daga ranar Baba ya daina kirana idan za shi biki, gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Shekara ta farko ko taɓa gangar ban yi ba. Da baki ake farawa. Kowane bugu yana da sunansa, ta, di, tom, nam, sai ka iya faɗinsu a jere kana ƙirga lokaci da tafi da yatsu kafin a yarda hannunka ya sauka a kan fata. Ni da na fara kiɗa tun ina ɗan shekara takwas, ga ni ƙaton magidanci zaune a kan tabarma ina “taka dimi, taka dimi” kamar mai koyon magana. Idan na kuskure ba ya faɗa, sai dai ya ce, “Daga farko.” Wata rana sau sittin na koma farko. Shekara ta biyu ya ba ni guntun katako in riƙa bugawa, har yatsuna suka yi kanta. Sai a ta uku ya fito da gangar ya ɗora mini a ƙafa. Amma shi ke ɗauko ta, shi ke gyara mata murya da ɗan dutse da turke, shi ke manna ƙullin gari a gefen hagu don ta yi gurnani, shi ke kankare shi idan an gama. Ni nawa in wanke hannu in buga. A gefen dama, a tsakiyar fatar, akwai wani baƙin da'ira mai sheƙi, daga nan wannan ƙarar mai daɗi ke fita. Sau ɗaya tak na karya doka, na tambaye shi da me ake yin baƙin nan.

“Kiɗa ka zo koyo ko tambaya? Daga farko.”

Ba zan ci haƙƙinsa ba ko da yake ina jin haushinsa. Ya iya koyarwa, kuma ko sisi bai taɓa karɓa a hannuna ba. Da aka haifi Maryam shi ya ɗinka mata kayan suna kyauta. Ya taɓa faɗa mini shekara tara ya yi a gidan malaminsa, yana wanki yana shara, kuma gangar nan malamin ne ya ba shi da hannunsa ranar da zai baro ƙasarsu. Idan na buga wani abu daidai, sai ya rufe ido ya ɗan kaɗa kai. Wannan kaɗa kan nake nema kamar yadda mai azumi ke neman ruwa, kuma saboda shi na jure habaicin Yaya Mudi da shirun Baba shekara uku cur.

Ana nan sai kafil ɗinsa, Balaraben da ke riƙe da takardunsa, ya sayar da shagon. Sabon mai shi yana da nasa telan, aka buga wa Usta hatimin fita ba dawowa a fasfo. Saura wata biyu. Ya kira ni ya ce a al'adarsu ɗalibi ba ya zama makaɗi sai ya yi kiɗansa na farko a gaban jama'a, malaminsa na zaune yana ƙirga masa lokaci. Idan ya gama, malamin zai tashi ya ce wannan ɗalibina ne, ya faɗi sunan wanda ya koya masa, da wanda ya koya wa wancan, har inda aka sani. Daga nan duk inda ka je kana da asali, kuma kana da izinin koya wa wani. Idan ba a yi maka haka ba, ko ka fi kowa iyawa, kai mai buge-buge ne kawai.

“Ba ka gama ba,” ya ce, “amma ba lokaci. Juma'a ta ƙarshe kafin in tafi. Ka kira mahaifinka.”

Na koma gida kamar in tashi sama. Abin da na sayar da gadona dominsa ke nan, sunana a cikin wannan jerin. Baba ya ce zai zo, ya ga abin da ya cinye masa ɗa.

Ana saura kwana biyar a yi taron, Usta ya tafi Madina ziyarar ban kwana, kwana huɗu. An riga an karɓe makullin shago, ɗakin da yake kwana kuma su shida ne a ciki, don haka ya kawo mini gangar gida a naɗe cikin bargo. Karo na farko ke nan da ya bar ta a hannuna.

“Kada ta sha rana, kada yara su taɓa.”

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ina so ku riƙe wannan, iyakar abin da ya ce ke nan.

Washegari na buɗe ta a hasken tsakar gida, a inuwa. A ɗakin bayan shago duhu ne, ban taɓa ganinta sosai ba. Sai na ga baƙin nan ya tsattsage kamar faso a dunduniya, gefe guda har ya ɗan ɓantare. Na ce ashe da wannan za a tara mutane? To ku da kuka tashi a nan ba ku san kotso ba, bari in faɗa muku. Shi ma kotso yana da baƙi a tsakiyar fatarsa, wani danƙo ne da ake kira nake. Idan ya tsufa sai a kankare, a ɗumama sabo, a murza a manna, kafin ka sha ruwa an gama. Kuma aikin yaron makaɗi ne, ba a ma sai an sa shi ba. Tun ina ƙarami idan Baba ya ɗauki kotso ya ga nake ya tsage ban canza ba, mari nake sha. A wurinmu barin gangar maigidanka a haka rashin tarbiyya ne. Sai na ce a raina, mutumin nan ya koya mini shekara uku kyauta, ga abin da zan saka masa da shi, ya dawo ya tarar da gangarsa sabuwa fil.

Na je wurin Baba na roƙi nake. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne yadda fuskarsa ta washe. Shekara uku ba mu zauna kan ganga tare ba. Ya shiga ɗaki ya ɗauko wanda yake ɓoyo, mai kyaun, ya biyo ni da kansa.

“Ashe dai ita ma Ba'indiyar tana neman hannun Bahaushe,” ya ce yana dariya.

Na sa wuƙa na fara kankara. Abin ya ƙi ɓaruwa kamar danƙo, tauri gare shi kamar dutse, gari yake zuba baƙi mai nauyi. Da ina da rabo da nan na tsaya. Mahaifiyarku na tsaye da Maryam a goye.

“Anya ka tambaye shi kuwa?”

“Shi ana tambayarsa ne?” na ce mata.

Na kankare tas. Ta share garin ta zubar a shara. Muka ɗumama nake, na manna, na murza shi ya yi sumul, gwanin kyau. Na wanke hannu na buga. Sai na ji “dub”, kamar na daki matashi. Na sake bugawa, “dub”. Baba ya ce a rage kauri, muka rage. Ya ce a ƙara, muka ƙara. Har la'asar muna abu ɗaya, wannan ƙarar da ta tsayar da ni a rana shekara uku da suka wuce ta tafi. Baba ya goge hannunsa a riga, dariyar ta ƙare.

“Ɗahiru, mun yi gyaran gangar Auzinawa.”

Na bi motar shara da gudu har bakin titi, ko zan samu garin. Ina! Ko na samu ma me zan yi da shi?

Ranar Alhamis Usta ya dawo, da dabinon Madina a hannu ya kawo wa Rabi tsaraba. Na faɗa masa tun kafin ya zauna. Ya warware bargon, ya duba, ya sa yatsa ya danna naken, yatsan ya lotsa. Bai yi ihu ba, da ma ya yi. Ya zauna a ƙasa ya rungume ta, sannan a karo na farko cikin shekara uku ya yi mini bayani ba tare da na tambaya ba. Ya ce baƙin nan garin wani dutse ne mai ƙarfe a ciki, ana kwaɓa shi da dafaffiyar shinkafa, a shafa siriri a goge da dutse, a sake shafawa a sake gogewa, hawa kan hawa, kwana da kwanaki. Makaɗi ba ya yinsa, wasu gidaje ne na musamman a garinsu suka gaji aikin. Wannan ɗin wani tsoho ne da ke yi wa malaminsa aiki ya sa shi, kuma tsohon ya rasu. Ya san da tsagewar, shekara goma sha ɗaya yana lallaɓa ta, shi ya sa ba ya bari a buga da ƙarfi. A duk faɗin ƙasar nan ba wanda zai iya mayar da shi.

“Usta, ka yafe mini. A fasa taron gobe.”

“Ba a fasawa. Kai ka gyara, kai za ka kaɗa.”

A gidan wani ɗan garinsu da ke unguwar Zahir aka yi taron. An jingina katifu a tagogi don kada sauti ya fita. Mutum goma sha biyu ne 'yan ƙasarsu, teloli da masu dafa abinci da direbobi, wasu tun daga Jidda suka zo, kowa ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Baba ya zo da babbar riga, ya zauna kusa da ƙofa. Usta ya ɗora mini gangar, ya zauna a gabana, ya ɗaga hannu ya fara ƙirga. Na buga. Duk abin da ya koya mini na buga, tun daga na a hankali har zuwa na sauri, har zuwa rufewar nan da ake maimaitawa sau uku a dira daidai kan tafin farko. Ko bugu ɗaya ban kuskure ba. Hagu na gurnani yadda ya kamata, dama kuwa “dub, dub”. Mutanen da suka yi shekaru ba su ji kiɗan garinsu ba, suka yi doguwar tafiya dominsa, suna kallon ƙasa. Wani dattijo ya rufe fuskarsa da hannu. Gumi na shiga mini ido, ina buga gawa, shi kuma yana ƙirga mini har ƙarshe, bai tsallake ko ɗaya ba.

Na dira. Usta ya miƙe. Ya yi magana da yarensu, sannan ya juya wajen Baba ya maimaita da Larabci, don kada ya rasa ko kalma ɗaya.

“Wannan mutumin ya zauna kusa da ni shekara uku. Ƙirgarsa daidai ce. Ba ɗalibina ba ne, kuma ba zan haɗa sunansa da na malamina ba.”

Baba ya tashi ya sa takalmi, na bi shi. Sai da muka kusa Hindawiyya ya buɗe baki.

“Mu a wurinmu ko yaro ya fasa ganga, a ɗaki ake dukansa.”

Na ɗauka wannan buɗe ƙofa ce. Bayan kwana biyu na je na durƙusa na ce ina so in dawo bayansa. Ya miƙo mini kotso. Na buga, sai ga yatsuna suna ta ƙirga irin ta Usta, kiɗan ya fita a miƙe, ba lanƙwasa, ba maganar da kotso ke yi. Mata ba za su taka wannan ba, ni ma na sani. Baba ya karɓe abinsa a hankali, ya ce ai tun bara ya ba Mudi. Na yi biyu babu, ba tsuntsu ba tarko.

Ranar da Usta zai tafi na je tashar motocin Jidda. Ba ban kwana ya kai ni ba, magana ɗaya ce ta hana ni sakat. Na tarar yana sa kaya a bayan mota, gangar kuwa ya riƙe ta a ƙirji, zai zauna da ita a cinya. Na sha gabansa.

“Usta, yau dai ba ni cikin dokarka, zan tambaya. Na tambaye ka da me ake yin baƙin nan, ka ce in koma farko. Kalma biyu da ka faɗa mini da duk wannan bai faru ba. Ka hana ni tambaya, sannan ka wulaƙanta ni a gaban ubana don ban sani ba. Don me ba ka faɗa mini ba?”

Ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, kuma ba nadama.

“Wannan darasin shekara ta huɗu ne,” ya ce.

Ya shiga mota, direba ya ja. Na tsaya a wurin har wani mai taksi ya yi mini hon in ba shi hanya. Ya san ba shi da shekara ta huɗu tun ranar da aka sayar da shago, ya sani sarai lokacin da ya miƙo mini gangar a cikin bargo, amma ya gwammace tsarin malaminsa ya tsaya daidai ko da ni zan faɗi. Laifina na ɗauka, wuƙar a hannuna take. Nasa kuwa bai taɓa ɗauka ba, ko wasiƙa bai aiko ba. Na sha zuwa Harami in zauna ina kallon Ka'aba, in ce yau zan yafe wa Usta Maidin kafin in tashi. Sai in yi salla, in sa takalmina, in dawo gida da abina.